Yadda ake tsara labarin katun na faɗa domin yara

Samari da dama a Damagaram yanzu suna zane mai motsi, wasu a waya da manhajar FlipaClip, masu kwamfuta kuma da Krita ko Blender, tunda ana sauke su ba ko dala. Hannu kam akwai shi. Labari ne ke kashe musu aiki. Sai ka ga saurayi ya kwashe makonni yana zana naushi da tsalle da wuta tana fita daga tafin hannu, ya tara ƙannensa ya kunna musu, ba a kai rabi ba sun fara tambaya: wane ne wannan, me ya haɗa su? Kafin ka taɓa alƙalamin zane, zauna da takarda ka bi waɗannan.

Da farko ka samo yaron da labarin ke kansa. Ya ɗan girmi masu kallo, kamar shekara 11 ko 12, domin ƙarami yayansa yake kwaikwayo. Ka ba shi buƙata guda wadda za a faɗa da numfashi ɗaya. Misali: Ilu, ɗan unguwar Birni, aljanin duwatsu ya kulle ruwan gari, shi kuma yana son ya buɗe. Duk yaron da ya taɓa bin layin famfo da jarka a garin nan ya gane wannan ba sai an yi masa bayani ba. Kada ka ce wai zai ceci duniya. Ɗan shekara bakwai bai san faɗin duniya ba, amma ya san ƙishirwa.

Sai malami. Wannan irin labari ba ya tafiya sai da shi. Ni dai ban yarda da tsoho mai farin gemu a ƙwanƙolin dutse ba, an gan shi har an gaji. Ɗauko tsohon ɗan kokawa da ya koma sayar da goro a Kasuwar Dole, ko mahauci, tunda dambe dama sana'ar gidansu ce. Ya zama mai faɗa, mai rowar magana, kuma akwai wani kaye da ya sha a ƙuruciya wanda ba ya son a tuna masa.

Daga nan ka kafa dokar ƙarfi, ka rubuta ta a bangon ɗakinka. In Ilu yana da kambu, sau nawa yake aiki a yini, kuma me yake ci masa? A ce sau uku, kuma duk lokacin da ya yi aiki da shi hannunsa na dama zai mutu har gari ya waye. Yara suna ƙirgawa. Ranar da ka bari ya yi na huɗu don ka rasa mafita, sun daina yarda da kai.

Yanzu ga inda kusan kowa ke faɗuwa. Dole jaruminka ya sha kaye da wuri, a kashi na biyu ko na uku, kaye na gaske a gaban jama'a, kuma mai kallo ya ga dalilin da idonsa. A ce Ilu yana da gaggawa, yana ɗaga ƙafar hagu kafin ya kafa ta dama, abokin karawarsa ya lura ya kwashe ta. Nuna ƙafar kusa. Nuna idon abokin karawar yana kallonta. Sannan a ji ƙasa ta amsa.

Bayan kayen sai horo, kuma a nan ne masu koyo ke yin ha'inci: daƙiƙa ashirin na gudu da ɗaga dutse da kiɗa, shi ke nan yaro ya zama gwani. A'a. Horon ya zama aiki guda, mai kama da bauta, wanda Ilu bai ga alaƙarsa da faɗa ba. Malam ya ɗora masa tulu cike da ruwa, ya ce ya haye duwatsu ya sauko ba tare da ɗigo ya zuba ba. Karo na farko tulun ya fashe, malam ya ce kuɗinsa na wuyan Ilu. Karo na biyu, a wani kashin dabam, ya iso da rabi, yana gunaguni cewa shi faɗa ya zo koyo, ba ga-ruwa ba. Karo na uku ya iso da shi cike, malam ya leƙa, bai ce uffan ba, ya ɓare goro ya miƙa masa rabi. To a karawar ƙarshe, da abokin gaba ya sake kai hannu ga ƙafar nan, sai ya tarar da ita kafe. Kada kowa ya buɗe baki ya ce ai albarkar tulu ce. Saka hoton tulun na ƙiftawar ido, ka wuce. Yaran da ke kallo su za su yi ihun, don su suka gano da kansu. Duk dabarar da za ta ci faɗan ƙarshe sai an gan ta tun baya. Sabon ƙarfi da ya faɗo daga sama a minti na ƙarshe shi ne alamar marubuci ya ƙure.

Wannan hanya ta fi arha ma. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, masu katun sukan zana 12, a talabijin ɗin Japan har 8 ake yi. Ko da 8 ɗin, minti guda na motsi zane 480 ne. Yaro da tulu a ka, ƙafafu kaɗai ke motsi. Shi ya sa ma a faɗa ake tsayawa ana zare ido, ana kirari, ana kiran sunan bugu kafin a kai shi. Mu da muka gaji kirarin ƴan kokawa da kalangu ba mu da uzuri: rubuta wa Ilu kirari gajere, zana shi sau ɗaya da kyau, ka riƙa maimaita shi kowane kashi. Yara za su haddace, kuma ka huta da zane ɗari.

Abokin hamayya ya zama sa'an Ilu, mai girman kai amma mai dalili, wanda zai dawo ɓangarensa a hankali. Mugun gaske kuwa a ɓoye shi, muryarsa da inuwarsa sun isa har tsakiyar zango. Mai ban dariya ɗaya, irin halin Gizo, mai wayo da kwaɗayi. In ka rasa yadda za ka jera faɗace-faɗacen, yi gasa. Kokawar takobi da aka fara a Tawa a 1975, wadda yanzu jihohi takwas ke shiga kowace da ƴan kokawa goma, ta riga ta koya wa kowane yaro yadda ake tankaɗe da rairaya. Marigayi Mustafa Alasan, mai shirya fim ɗan Nijar wanda ya rasu a 2015, ya yi fim ɗin kokawa da ƴar tsana, dabbobi ne ƴan wasan.

Ba jini, ba wuƙa, ba shaƙe wuya. Abin da suka gani da dare shi za su gwada a lungu da safe. Wanda ya faɗi an gama da shi, kamar a filin kokawa.

Tsawon kashi kada ya wuce minti biyar zuwa bakwai, saboda ta WhatsApp zai yi yawo kuma kuɗin intanet ba wasa ba. Buɗe da tunatarwa gajeriya kan inda aka kwana, ko da "ga ta nan, ga ta nanku". Rufe ana tsakiyar matsala, hannu a sama bai sauka ba. Ɗauki muryoyi kafin zane, cikin ɗaki mai katifa da labule, da dare in kabu-kabu sun yi sauƙi. Sannan ka karanta wa yara uku rubutun da baki, ba hoto ko ɗaya, ka sa alama a duk layin da ɗayansu ya waiwaya, ka gyara shi kafin ka kunna kwamfuta.