Yadda Kwikwiyona Ya Saba Da Keji

Da zarar an rufe shi a keji sai kuka da kartar ƙofa, har maƙwabta sun fara magana. Tsawa ba ta yi ba, lulluɓe kejin ma haka.

Dafaffiyar hantar kaza ce ta warware matsalar, 'yan gutsattsari kamar ƙwayar wake, ba albasa, don guba ce ga kare. Na ɗaure ƙofar a buɗe, na ajiye guda a baki, sannan tsakiya, sannan can ƙurya. Da ya fara shiga da kansa, sai in ce "shiga", in rufe daƙiƙa 5, in miƙa masa ta tsakanin waya, in buɗe. A hankali na kai minti 10. In yana kuka, ba na buɗewa sai ya yi shiru.

Alhamdu lillahi, yanzu ciki yake kwana.