Yadda ake sauke bashin rarar kuɗin nakasa ta kotun karayar arziki a Amurka

Wasiƙar takan zo ne daga hukumar Social Security, wadda ake kira SSA a taƙaice: an biya ka kuɗin nakasa fiye da haƙƙinka, ka dawo da dala dubu kaza cikin kwana 30. To, mutumin da ke lallaɓa rayuwa da ɗan abin da ake zuba masa a asusu duk wata, ina zai samo? Kuɗin ma an daɗe da cinye su, sun tafi a haya da magani.

Hanyoyin faɗawa wannan rami sanannu ne. Mai karɓar SSDI, wato kuɗin nakasa na wanda ya taɓa aiki yana biyan haraji, ya ɗan samu sauƙi ya koma aiki, ya cinye wata 9 na gwaji da doka ta ba shi, albashinsa ya haura iyaka (dala 1,620 a wata a 2025), amma kuɗi suka ci gaba da shigowa. Mai karɓar SSI kuma, wato tallafin nakasassu da tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi, ajiyarsa ta wuce dala 2,000, ko ya bar Amurka kwana 30 a jere. Wannan na ƙarshe shi ya fi kama mutanenmu: dattijo ya tashi daga unguwar Bronx ta birnin New York ya je gida azumi, ya zauna har bayan Salla, bai sanar ba.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, a idon dokar karayar arziki wannan bashi ba shi da wata alfarma don na gwamnati ne. Ba irin kuɗin ciyar da yara ba ne, ko bashin karatu, waɗanda ba sa gogewa da sauƙi. Layinsa ɗaya da bashin katin banki da na asibiti, matuƙar ba ha'inci ne ya jawo shi ba.

Mataki na farko, kada ka ruga kotu. Fara da ƙofofin da ba sa cin ko sisi. In kana ganin lissafin ba daidai ba ne, cike fom SSA-561 cikin kwana 60 a sake dubawa. In lissafin daidai ne amma ba laifinka ba ne, kuma biya zai hana ka ci da haya, fom SSA-632 ake cikewa a nemi yafiya, shi ba shi da wa'adi. Wanda ya shigar da ɗayansu cikin kwana 30 na farko, ba a taɓa kuɗinsa sai an yanke hukunci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tun Afrilun 2025 rabin kuɗin wata ake zarewa mai SSDI, mai SSI kuwa kashi 10 cikin 100. Ni a ganina, wanda wannan ne kaɗai bashinsa bai kamata ya taka kotu ba sai an ƙi yafe masa. Mai tarin wasu basussuka a wuya, shi lissafinsa daban ne.

Na biyu, in za ka je kotu, zaɓi babin dokar karayar arziki da ya dace da kai. Babi na 7 shi ne na gogewa kai tsaye, cikin kamar wata huɗu an gama, kuɗin shigarwa dala 338, kuma mai ƙaramin ƙarfi zai iya roƙon a ɗauke masa su ko ya biya kaɗan-kaɗan. Babi na 13 tsarin biya ne na shekara 3 zuwa 5, ya fi dacewa da mai gida ko mota da yake tsoron rasawa. Wurin auna ko ka cancanci Babi na 7, ba a saka kuɗin Social Security cikin kuɗin shigarka, shi ya sa yawancin masu nakasa suke wucewa ba gardama. Nemi lauyan da ya san harkar. Ofisoshin taimakon shari'a na kyauta suna nan a kowace jiha. Akwai kuma ɗan darasin sarrafa bashi da dole a yi cikin kwana 180 kafin shigar da takardu, ta waya ko intanet.

Na uku shi ne cike takardu, kuma a nan ake yin ɓarna. Rubuta SSA cikin masu binka bashi da cikakken adadin, a kuma aika sanarwa ga ofishin lauyan gwamnatin tarayya na yankinku. Sannan ka bayyana duk abin da ka mallaka, ko'ina yake a duniya. Filin da ka saya a Kano, ko gidan gado da kake da kaso a ciki a Damagaram, duk sai sun shiga. Za a tambaye ka kyautar da ta wuce dala 600 da ka yi wa mutum ɗaya cikin shekara biyu, da bashin da ka biya ɗan'uwa cikin shekara guda, don haka kuɗin da ake turawa gida ba a ɓoye su. Bisa rantsuwa kake sa hannu. Wanda ya ce ai wa zai sani, ya sayi babbar fitina da ƙarama: yana iya rasa gogewar baki ɗaya, har a tuhume shi da laifi.

Da zarar takardu sun shiga, doka ta ɗaure hannun duk masu bin bashi, har da SSA. In wata ya zagayo ka ga an sake zare kuɗi, ɗauki takardar kotu mai lambar shari'arka ka kai ofishinsu.

Na huɗu, zama da wakilin da aka naɗa ya kula da shari'arka, tsakanin kwana 21 zuwa 40 bayan shigarwa a Babi na 7. Ba ya ɗaukar lokaci, yanzu ma galibi ta bidiyo ake yi.

Daga ranar da aka fara sanyawa don zaman, SSA na da kwana 60 ta shigar da ƙara in tana da'awar ha'inci ka yi, wato ka san kana aiki ka ɓoye, ko ka yi ƙarya a fom. Ita ce za ta kawo hujja, ba kai ba. Amma nan ne tsohuwar jakar takardu take rana. Rasit ɗin da aka ba ka ranar da ka kai takardar albashi, kwafin wasiƙa, ko ɗan littafin da ka rubuta ranar da ka buga waya da sunan wanda ya ɗauka, su ne ke raba mai mantuwa da maha'inci. In kwana 60 suka cika shiru, wannan ƙofa ta rufe musu. Wanda kotun laifi ta riga ta umarta ya maido da kuɗi, shi kam wannan hanya ba ta fishshe shi.

Akwai wata dabara da hukumar ta sha gwadawa: ta ce ba bashi take karɓa ba, gyaran lissafi take yi daga kuɗin gaba. Kotun ɗaukaka ƙara ta yanki na 3 ta ƙi wannan tun 1984 a shari'ar Lee da Schweiker. Duk da haka hukunci kan bambanta daga yanki zuwa yanki, sai ka tambayi lauyanka yadda kotunan jiharku suke kallon abin tun kafin ka biya shi.

Na ƙarshe, yi darasi na biyu da ake buƙata, in ba haka ba za a rufe shari'ar ba tare da an goge komai ba. Takardar gogewa in ta zo, yi mata kwafi da yawa, kai wa SSA ɗaya, ka karɓi shaidar sun karɓa. Tabon Babi na 7 kan zauna shekara 10 a tarihin bashinka, kuma ba ka sake samun irin wannan gogewa sai bayan shekara 8. Rarar da aka biya ka bayan ranar shigar da takardu ba ta cikin abin da aka goge, don haka duk canjin albashi ko tafiya gida, sanar da su kafin 10 ga watan da ke biye, ka adana rasit.