Littafin karatun da yaro ke dawowa da shi gida: inda muke kuskure

A Bauchi gidaje da yawa harshe biyu ake yi, Hausa da Fulatanci, ko Hausa da Jaranci ko Sayanci, sai kuma yaro ya dawo da littafin Turanci a jaka, na uku kenan.

Babban kuskuren shi ne hana yaro yaren gida wai don Turanci ya zauna masa. Wallahi wannan yana min ciwo, yaro ya tashi bai iya hira da kakarsa ba kuma Turancin ma bai nuna ba. Yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali da Hausa ya riga ya gane yadda karatu yake, shi ya sa shirin Mu Karanta da aka yi a firamaren gwamnati a Bauchi da Sakkwato ya fara da Hausa tun aji 1 kafin a shigo da Turanci. Ke uwa, ki bar yaron ya karanta shafin littafin Turancin yadda yake, sai ki rufe littafin ki ce "to ba ni labari, me ya samu yarinyar?" ya amsa da yaren da bakinsa ya fi sakewa. Ko ba ki jin Turanci za ki iya wannan, ga hotuna nan, kar ki ce sai malamin lesin ya zo.

Wasu kuma kowane layi sai sun fassara, yaro ya saba da jira a tauna masa. A bari ya kai ƙarshen shafi tukuna.

Sai hadda. Za ki ji yana zubo karatu tiryan-tiryan amma idonsa na kan fanka, ya haddace ne a aji. Ki sa yatsa a kan kalma ɗaya a tsakiyar layi ki ce wannan fa? Nan za ki gane gaskiya. In kuma ya furta c ta Turanci irin ta "ciki" kar a yi masa tsawa, ƙa'idar Hausa ya bi, a nuna masa cewa a Turanci sautin k ko s take bayarwa.

Lokaci ma muna ɓata shi, yaro ya dawo boko ya wuce Islamiyya, sai bayan isha'i ga gyangyaɗi ga babu wuta a ce ɗauko littafi. Minti 15 kafin magariba ya isa. Littafin kuma a sa masa bango, a daina kulle shi a durowa don tsoron kar ya yage.