Yadda za ka haɗa kibod da hannunka, har ya riƙa buga ƙ da ɗ da ɓ

Duk mai rubuta Hausa da kwamfuta ya san wannan damuwar. Kana nufin ƙasa, allo ya nuna maka kasa. Kana nufin ɓata, ya fito da bata. Na daɗe ina ajiye wani ɗan fayil da ba komai a cikinsa sai haruffa masu lanƙwasa, ina kwafowa ina liƙawa ɗaya bayan ɗaya. Wannan wahalar ce ta kai ni ga haɗa kibod da kaina, kuma da na shiga sai na tarar da wani daɗin da ban nema ba: yatsuna sun daina gajiya da wuri.

Kibod ɗin da aka fi sayarwa a kasuwa shimfiɗar roba ɗaya ce a ƙarƙashin dukkan madannansa, shi ya sa idan harafi ɗaya ya mutu sai a jefar da shi gaba ɗaya. Wanda muke magana a kansa kuwa, wato wanda ake kira mechanical keyboard, kowane madanni da nasa makunni, mai sifirin da ƴan ƙarafa biyu da ke haɗuwa idan ka danna. Ɗaya ya lalace, ka zare shi ka sa wani.

Fara da girman da kake so

Cikakken kibod irin na Amurka madannai 104 gare shi. Idan aka cire ɓangaren lambobi na dama sai ya koma 87. Daga nan akwai ƙananan da ake kira kashi 75, kashi 65 da kashi 60, na ƙarshen nan madannai 61 ne kawai, babu ko kibiyoyi. Ga marubuci ina ba da shawarar 75 ko 65, domin mai gyaran rubutu ba ya rabuwa da kibiya. Mai aikin lissafi a ofis kuma kada ya yarda a raba shi da lambobinsa don ado.

Ka lura da fasalin madannin Enter. A tsarin ANSI a kwance yake, a tsarin ISO na Turai dogo ne mai cin layi biyu. ANSI ya fi sauƙin samun kaya.

Kayan da za ka tara

Kana buƙatar gidan kibod ɗin, na roba ko na alminiyam, bod, wato allon lantarkin da komai ke hawa kansa, faranti mai ramuka da ke riƙe makunnai, makunnan kansu, huluna, wato abin da yatsa ke taɓawa mai ɗauke da harafi, sitabilaiza na dogayen madannai, da kebul mai bakin USB-C. Gida da bod da faranti galibi a kwali ɗaya ake sayar da su, kuma a karon farko haka ya kamata ka saya, don ramukan sukuru ba sa dacewa tsakanin kamfani da kamfani. Kayan aiki kaɗan ne: ƙaramin sukundireba, matsefata ta ƙarfe, siririn burushin fenti, da ɗan ƙarfen zare makunni da hula.

Abu biyu kada ka yi sassauci a kansu wajen bod. Na farko, ya zama mai soket, irin wanda ake cusa makunni a zare ba tare da dalma ba. A shafin mai sayarwa za ka ga an rubuta masa hot-swap. Na biyu, ya zama yana aiki da QMK ko VIA, manhajojin da ke ba ka damar sauya aikin kowane madanni. Idan babu wannan na biyun, maganar haruffanmu ta yi wuya. Bod mai fitilu kala-kala da araha yana jan ido, amma araha ba ta ado idan ba za ka iya umartarsa ba.

Makunni kuma, kusan duk na kasuwa a kan fasalin Cherry MX aka yi su, wanda kamfanin Cherry ya fitar a Jamus a 1983. Da wa'adin haƙƙin mallakarsa ya ƙare, kamfanonin ƙasar Sin irin su Gateron da Kailh suka cika kasuwa da nasu, kuma da yawansu ba su da abin kushewa. Iri uku ne a taƙaice, ana kiransu da launinsu. Ja yana sauka sumul babu tsayawa, nauyin giram 45 ya ishe shi. Mai ruwan ƙasa yana da ɗan tudu a tsakiyar hanya da yatsa ke ji daidai lokacin da harafi ya shiga. Shuɗi yana da tudun, ga kuma ƙara ƙas-ƙas. Zurfin dannawa milimita 4 ne, amma harafi yana shiga tun a milimita 2, saboda haka ba sai ka buga har ƙasa ba. A nan hutun yatsu yake. Ni mai ruwan ƙasa na zaɓa. Shuɗi yana da daɗin ji, sai dai idan bayan sallar isha'i kake aikinka a ɗakin da jariri ke barci, ka bar shi.

Ka ƙara makunni biyar ko goma a kan adadin da kake buƙata. Wasu ƙafa uku gare su, wasu biyar. Idan bod ɗinka na masu uku ne, ƙarin ƙafafu biyun roba ne kawai, abin yankan farce zai cire su.

Gwada bod kafin ka ɗaura komai

Wannan matakin minti goma ne, kuma shi aka fi tsallakewa. Ɗora bod ɗin a kife a kan kwali ko busasshen tsumma, ka haɗa shi da kwamfuta, ka buɗe sashen gwajin madannai a VIA. Ɗauki matsefata ka taɓa bakin ƙarfe biyu na kowane soket a lokaci guda. Idan lafiya yake, madannin zai haskaka a allo. Bi su layi-layi, kada ka bar ko ɗaya. Madannin Fn, wanda ake riƙewa don ba sauran madannai aiki na biyu, shi kaɗai ne zai iya ƙin nunawa, kuma ba laifi ba ne.

A kibod ɗina na farko ɗoki ya hana ni yin haka. Sai da na ɗaure komai, na zauna zan buga bismillah, na tarar layin ƙasa rabinsa shiru. Da na rubuta wa mai sayarwa, ya ce tunda na riga na haɗa, ba zai iya sanin daga wa laifin ya fito ba. Kayan da ka jira makonni kafin ya iso, ka ba shi minti goman nan.

Sitabilaiza: inda aikin gaske yake

Dogayen madannai ba za su tsaya daidai a kan makunni ɗaya ba. Idan ka danna gefen sandar tazara, wato spacebar, ɗayan gefen zai ɗaga. Sitabilaiza wayar ƙarfe ce mai lanƙwasa a kai biyu, da ƴan gidajen roba biyu, tana sa madannin ya sauka baki ɗaya. A kibod na 65 ko 75 huɗu kake buƙata: doguwa ɗaya ta sandar tazara, gajeru uku na Enter da Backspace da Shift na hagu.

Kibod mai tsada da ke kwaramniya kamar gwangwanin da aka zuba wa tsakuwa, kusan kullum a nan matsalarsa take. Fara da zare wayar. Kwantar da ita a kan gilashin wayar salula ko madubi, ka ɗan taɓa kowane kai da yatsa. Idan wani kan yana rawa yana buga gilashi, wayar a karkace take. Murɗa ta a hankali har ta kwanta lif. Sannan ka shafa wa cikin gidan robar mai da burushi, shafa ta sama-sama, har ya yi ɗan sheƙi kawai. Man da masu wannan sha'awa suka fi amfani da shi shi ne Krytox 205g0. Kan wayar da ke shiga rami shi yake son mai da ɗan kauri, ka tsoma shi har ya wuce lanƙwasar kaɗan.

Kada ka ce bari in yi dabara da man keken ɗinki ko basilin. Na farkon tsinkewa yake yi ya gangara kan bod, na biyun kuma yana kama ƙura ya daskare.

Wajen ɗaurawa, ƙugiyar gidan tana shiga babban rami, sukuru yana shiga ƙarami. Da ka gama, kafin ka ci gaba, sa makunni ɗaya da hularsa a kowane wuri ka daddanna gefe da gefe. Idan yana maƙalewa ko yana dawowa da nawa, man ya yi yawa ko an juya ɗan robar ciki baibai. Gyara shi yanzu, domin irin wannan sitabilaiza a ƙarƙashin faranti take, bayan an gama haɗawa sai an zare makunnai duka kafin a kai gare ta.

Makunnan ma ana buɗe su a shafa musu mai ɗaya bayan ɗaya. Aikin yamma guda ne ko fiye, kuma da yawa yanzu da mansu suke zuwa daga masana'anta. A karon farko ka bar shi. Shuɗi kuwa ba a shafa masa, mai yana kashe ƙarar.

Sa makunnai

Ɗora faranti a kan bod. Duba ƙafafun ƙarfen kowane makunni biyu, su kasance a miƙe. Fara da kusurwoyi huɗu don faranti ya tsaya, sannan ka cike tsakiya. Duk wanda za ka cusa, ka tallafi soket ɗinsa ta baya da yatsa, domin dalma kaɗan ce ke riƙe da shi, matsi mai ƙarfi yana ɓalle shi. Idan makunni ya ƙi shiga, kada ka yi masa dole. Zare shi, za ka ga ƙafa ɗaya ta lanƙwashe. Miƙe ta da matsefata ka sake.

Idan ƙaddara ta sa bod na dalma ka samu, ko soket ya ɓalle, ba sai ka sayi kayan liƙi ba. Masu gyaran waya, irin na kasuwar Farm Centre a Kano, abin da suke liƙawa kullum ya fi wannan ƙanƙanta nesa.

Sake gwada kowane madanni a VIA. Sai ka shimfiɗa soson da ya zo da kayan a ƙasan gida don ya shanye amon fanko, ka zaunar da bod, ka ɗaure sukurori daidai wa daida, ba da ƙarfin tsiya ba.

Huluna roba iri biyu ce. ABS tana da laushi, amma bayan watanni sai ta fara ƙyalli a inda yatsa ya fi zama. PBT ta fi juriya kuma tana da ɗan kaushi, ga mai gumin hannu a zafinmu ita ta fi. Tsayin huluna ya bambanta daga layi zuwa layi, saboda haka ka jera su yadda suka zo a kwali.

Koya masa Hausa

Kibod ba harafi yake aikawa ba, lambar madannin da aka danna yake aikawa, kwamfuta ce ke fassara ta zuwa harafi. Don haka aikin gida biyu ne.

Hanya mafi sauƙi a Windows: shiga saitin harshe ka ƙara Hausa, tana zuwa da tsarin madannanta. Haruffa masu lanƙwasa suna fitowa idan ka riƙe Alt na dama ka danna k, d, b ko y. Buɗe kibod na kan allo ka danna Alt ɗin, zai nuna maka mazaunin kowanne. Matsalar ita ce Alt na dama wuri ne mai wuyar kaiwa ga wanda ke gudu a rubutu, kuma ƙ da ɗ ba baƙi ba ne a Hausa, kusan kowane layi sai sun fito. A nan VIA take amfani. Danna hoton madannin Caps Lock, ka ba shi aikin Alt na dama. Daga ranar ƙaramin yatsanka na hagu ne zai riƙa lanƙwasa haruffa, ba tare da hannu ya bar mazauninsa ba. Babban baƙi kuma ka haɗa da Shift. Wannan saitin na VIA yana zama a cikin bod ɗin kansa, ko ka kai shi wata kwamfutar yana nan.

Wanda ya saba da harhaɗa manhaja zai iya bi ta QMK, ya kunna Unicode, tsarin da ya ware wa haruffan duniya lambobi, ya ba kowane harafi lambarsa: ɓ ita ce 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, ƴ 01B4, manyansu 0181, 018A, 0198 da 01B3. Wannan hanyar ma tana neman taimakon kwamfuta: WinCompose a Windows, tsarin Unicode Hex Input a Mac. Mutanen Nijar da ke rubuta ƴ a inda ƴan Najeriya da yawa ke rubuta 'y, su ne za su fi morar harafin na huɗu.

Sai kulawa, kuma abokin gabar kibod a wajenmu ƙurar hunturu ce. Da ka tashi daga aiki ka rufe shi da ƙyalle. Duk wata biyu ko uku ka zare huluna, ka jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulu, ka share faranti da busasshen burushi, kuma kada ka mayar da su sai cikinsu ya bushe ƙarau, ko da za su kwana a shanya. Idan wata rana ka ga harafi yana fitowa sau biyu alhali sau ɗaya ka danna, mai yiwuwa ƙura ce ta shiga makunnin. Ɗauko ɗaya daga cikin rarar nan da ka ajiye, ka zare tsohon, ka tallafi soket ta baya idan hali ya yi, ka cusa sabon a miƙe.