Yadda Ake Shirya Zaman Kallon Warehouse 13 a Sakkwato, a Kuma Ji Ra'ayin Masu Kallo na Gaskiya

Idan aka gama kallo aka tambayi jama'a "ya kuka gani?", amsa biyu ake samu: ko "ya yi kyau", ko "ƙarya ce zalla". Babu abin da za ka ƙaru da shi a cikinsu. Shirin da aka gina kan kayan al'ajabi yana da wurin da ake kama shi: kowane abu yana da ƙa'idar aikinsa, yana kuma da illar da yake jawo wa wanda ya taɓa shi. In mai shirya zama ya iya sa mutane su auna waɗannan biyun, zai ji ra'ayi mai nauyi har daga bakin wanda ba ya jin Turanci.

Ka fara da sanin shirin kafin ka tara mutane. Tashar Syfy ta Amurka ce ta nuna Warehouse 13 daga watan Yulin 2009 zuwa watan Mayun 2014, zango biyar, kashi 64. Jami'an tsaro biyu ne, Pete da Myka, aka tura su wata ƙatuwar ma'ajiyar sirri a jihar Dakota ta Kudu, ƙarƙashin wani dattijo mai suna Artie. Aikinsu su bi sawun kayan da ke tayar da fitina a cikin jama'a, su kashe kaifinsu da wani ruwa mai kauri mai launin shunayya, su sa a jaka su kai ma'ajiya. A cikin labarin wannan ce ma'ajiya ta 13, domin ana ɗauke ta ne zuwa duk ƙasar da ke riƙe da ƙarfin duniya a zamaninta. Ta biyu a Masar take, ta 12 a Ingila. Wannan bayani ya isa gabatarwa, kada ya wuce minti uku.

Kashin farko dogo ne, ya kai tsawon kashi biyu, saboda haka a ba shi zamansa shi kaɗai. Sauran kowanne yana cin wajen minti 43. Da tsayawar fassara zai kai awa guda, tattaunawa ta ci rabin awa. Kashi ɗaya a zama ɗaya shi ne daidai. In aka haɗa biyu, kayan suna cakuɗewa a kan mutane, ka ji ana ɗora aikin madubi a kan alƙalami, kuma dare zai yi nisa kafin a kai ga magana.

Bayan sallar Isha'i ne lokacin da ya fi dacewa, ba sallar da za ta katse kallo, zafi kuma ya ɗan sauka. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, kada a cusa mutane a ɗaki. Tsakar gida ko ƙofar zaure, a shimfiɗa tabarmi, a ajiye randa ko kula ta ruwan sanyi. Lokacin hunturu kuwa ƙura ce matsala. Majigi yana zuƙar iska don ya huce, ƙurar takan toshe masa mashiga ya yi zafi ya kashe kansa a tsakiyar kallo. A goge mashigar kafin kowane zama, a ɗora shi kan tebur, kada a ajiye shi kan tabarma ko katifa.

Mutum takwas zuwa goma sha biyar sun isa. Talabijin mai inci 32 zai ishe su in ba wanda ya yi nesa da shi fiye da taku biyar ko shida, domin akwai masu bin rubutun ƙasan allo. Talabijin irin wannan, da kwamfutar cinya, da fanka ɗaya, da lasifika, gaba ɗaya ba su kai wat 300 ba, don haka ƙaramin janareta ko inbata ta sola za ta ɗauke su in aka ɗauke wuta. Janareta a waje yake zama, nesa da taga da inda mutane suke. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba mai kisa, wadda ba ta wari yadda za a farga. Ƙararsa ma tana cinye maganar 'yan wasa, sai a tanadi doguwar waya.

A haɗa kwamfuta da talabijin da wayar HDMI, lasifika kuma a haɗa ta da waya. In ta Bluetooth aka haɗa, sau da yawa sauti yakan makara, baki ya motsa sannan magana ta biyo. Idan rubutun ƙasan allo ya riga magana ko ya bi bayanta, a manhajar VLC ta kwamfuta maɓallan G da H suna ja da shi baya ko gaba kaɗan-kaɗan, J da K kuma suna yi wa sauti haka. A gwada duk wannan da rana.

Wajibi ne mai shirya zama ya kalli kashin shi kaɗai tukuna. Shiri ne na Amurka, akwai shan giya da sumbata da raha irin tasu. Ka rubuta mintin da irin wannan ya zo, ka san inda za ka tsallake, musamman in zaman na iyali ne ko akwai yara. A wannan kallon ne kuma za ka ware wurare huɗu zuwa shida da za a tsaya don fassara, kowanne a ƙarshen fage. Tafinta ya faɗi abin da ya faru cikin ƙasa da minti ɗaya, kada ya ƙara gishiri, kada ya ce "ku lura da wannan, zai dawo". Tafintan da ke bin kowace jimla da murya a kan ta 'yan wasa yana kashe abin da mutane da yawa ke so a shirin, wato tsokanar da ke tsakanin Pete mai bin abin da jikinsa ya ba shi da Myka mai bin doka da lura. Ko ba a jin harshen, ana ganin wannan a fuska da murya.

Sai babban aikin. Da zarar kashi ya ƙare, kada kowa ya yi magana. A raba takardu da biro. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san zamanmu: in Alhaji ko Malam ya riga ya ce shirin banza ne, ba yaron da zai buɗe baki ya ce shi ya ji daɗinsa, sai dai "haka ne, Baba". Takarda ba suna ita ce ke ba ƙarami da mai kunya damar faɗin nasu. Wanda ya fi sakewa da ajami ya rubuta da ajami, wanda ba ya rubutu ya raɗa wa marubucin zama a gefe.

Tambayoyi huɗu ne a takardar. Mene ne abin al'ajabin da aka bi a wannan kashi, kuma na wa ne asali? Me yake yi? Wace illa yake bari ga mai amfani da shi? Sai ta huɗu, wadda ita ce ma'auni: shin labarin ya riƙe ƙa'idar da ya kafa har ƙarshe, ko ya karya ta don jaruman su tsira? A ƙasa mutum ya ba kashin maki daga 1 zuwa 5. Tambayoyi ukun farko suna nuna maka ko an fahimci kashin. In rabin takardun sun kasa amsa ta biyu, laifin fassara ne ko na sauti, makin da aka bayar a daren ba abin dogaro ba ne.

Ta huɗun ce ke buɗe baki. A kashin farko, matajin kan Lucrezia Borgia ne ke juya zukatan mutane su aikata abin da ba su yi niyya ba. Tambayi jama'a: wa matajin ya kama, wa ya bari, me ya sa? Nan za ka ji wani ya ce, "To mi ya hana su ƙone shi su huta?" Wannan tambaya ce ta mai kallo na ƙwarai, kada a yi mata dariya. A rubuta ta, a duba ko shirin zai amsa ta nan gaba. Shirin da ya amsa irin wannan ya girmama hankalin masu kallonsa. Wanda ya share ta ya cancanci a rage masa maki komai kyawun hotunansa.

Abu biyu ne suka fi ɓata tattaunawa, kuma dukansu suna da magani.

Na farko, gardamar "wanga ai tsafi na". Mutanen Sakkwato ba sa wasa da al'amarin aƙida, kuma daidai ne. Kada a danne maganar, a raba ta gida biyu. Abin da shirin ke cewa a cikin ƙagen labarinsa shi ne kayan sun samu ƙarfinsu daga mutum ko wani babban lamari da ya faru a kusa da su, kuma aikin jaruman kulle su ne, domin kusan duk wanda ya yi amfani da su yana cutuwa. Wannan bayanin labari ne, zama zai iya auna shi. Hukuncin kallon irin wannan kuwa na malamai ne, a mai da shi gare su. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tashi cikin mutunci, ba mai yi masa ba'a, a kuma rubuta ra'ayinsa tare da na kowa.

Na biyu, cakuɗa tarihi da ƙage. Shirin yana ɗauko sunayen mutanen da suka rayu da gaske ya rataya musu abin da bai faru ba. Lucrezia Borgia ta rayu a Italiya daga 1480 zuwa 1519, amma ƙarfin matajinta ƙirƙira ce. Nikola Tesla, wanda aka sa sunansa wa bindigar lantarkin da jaruman ke sumar da mutane da ita, masanin lantarki ne na gaske, ya rasu a 1943. Na'urar da suke magana da juna suna ganin fuska ta ci sunan Philo Farnsworth, wanda ya aika hoton talabijin na lantarki a 1927. H.G. Wells kuwa namiji ne, marubuci ɗan Ingila, shirin ne ya mai da shi mace. A ware minti biyar a kowane zama, mutum ɗaya da aka ba aikin tun farko ya faɗi iyakar gaskiya da inda ƙage ya fara. In ba a yi haka ba, gobe ɗalibi zai maimaita ƙagen a aji yana rantsuwa. Masu zaman da suka shiga Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu suka ga yadda ake ajiye tsofaffin rubuce-rubuce da kayan tarihi na gaske sukan fi saurin gane wannan bambanci, kuma ziyarar ta cancanci a yi ta tare.

Akwai tambayar da ke daɗaɗa zama in gardama ta yi zafi: da a Sakkwato aka yi shirin, wane abu za a kai ma'ajiya, me zai yi, wace illa zai bari? A tsaya kan kayan sana'a da na gida, wuƙar dukawa, jar fatar majema, ƙwaryar mai fura, tsohon ma'aunin kasuwa. Kada a kusanci Hubbare ko kayan Shehu da malamai da wannan wasa. Wanda ya ƙirƙiro abu ya manta da illarsa, a tuna masa. A nan ne mutane ke gane wahalar aikin marubutan.

Waɗanda suka riga suka kalli shirin su yi magana a ƙarshe, da sharaɗin ba fasa ƙwai. Ra'ayoyin da suka yaɗu tsakanin masu kallonsa, cewa wasu kashin suna maimaita salo ɗaya, cewa hotunan kwamfuta wani lokaci ba su da inganci, cewa an yi gaggawar rufe zango na biyar mai kashi shida kacal, duk a ajiye su sai an isa wurin. In aka faɗe su da wuri, sababbin masu kallo za su ara su maimakon su samar da nasu.

Marubucin zama ya tattara takardu a daren, ya fitar da matsakaicin maki, ya rubuta rabuwar kai yadda take: mutum kaza sun ce an riƙe ƙa'ida, kaza sun ce an karya, ga dalilin kowane ɓangare a jimla ɗaya. Ba a sa suna, ba a kuma rubuta "kowa ya yarda" in akwai ko mutum ɗaya da bai yarda ba. Kada a yanke wa shirin hukunci kafin zama huɗu, domin sai a kashi na huɗu ne Claudia, wata matashiya gwanar kwamfuta, ke shigowa, kuma shigowarta tana canza yanayin ma'ajiyar. In bayan haka maki ya kasa kai 3 a zama biyu a jere, a dakata a kawo shirin The Lost Room na 2006 don kwatantawa. Gajere ne, wajen awa huɗu da rabi gaba ɗaya, kayansa duka daga ɗaki ɗaya na wani masauki suka fito, kuma takardar tambayoyin nan huɗu za ta yi aiki a kansa ba tare da an canza komai ba.