Darasi na 9: Riƙon Bindiga Wajen Farauta

Wannan darasi na masu fita daji ne da bindigar gida, harba-ka-ruga, wadda ake ɗurawa ta baka. A karanta a hankali. Wanda wata kalma ta gagare shi ya ɗaga hannu, duk koyo muka zo.

Kashi na 1: Da ɗuri ko babu?

Ranar da ka tabbata bindigarka babu komai a cikinta, ɗauko sandar ɗuri ka zura har ta dire. Sai ka yi wa sandar shaida da fenti ko zarto, daidai bakin bindiga. Shaida ɗaya ta isa.

Daga ranar, duk lokacin da ka ɗauki bindiga, fara cire abin da kunama ke sara, wato abin da ke kunna albarushi, sannan ka sauke ta. Kau da bakin daga fuskarka, ka kau da shi daga mutane. Sannan ka zura sanda. Shaida ta zauna daidai baki? Babu ɗuri. Shaida ta tsaya a sama? Akwai abu a ciki.

Mu sake. Daidai baki, babu. A sama, akwai. Ku faɗa tare. Madalla.

Nan ne aka fi tuntuɓe. Mutum ya ɗura da asuba, bai samu nama ba, ya dawo ya rataye. Bayan kwana biyu ya manta, ya ƙara albarushi. Ɗuri a kan ɗuri na fasa bindiga, kuma hannun da ke riƙe da ita shi ke fara tafiya. Saboda haka zura sanda kafin ka ɗura. Ɗan'uwanka ya miƙo maka tasa ya ce babu komai? Ka gode masa, ka zura sanda. Ko laka ce ta toshe, ko zanzaro ya yi gini a ciki tun damina, sanda za ta gaya maka.

Wasunku na cewa tun suna samari suke harbi. Haba malam! Shekarunka ba sa ganin cikin ƙarfe. Kuma wallahi in na ƙara ganin mai leƙa bakin bindiga da ido, a ranar zai bar ajin nan. Da sanda ake dubawa. Daidai baki, babu. A sama, akwai.

Kashi na 2: In ta ƙi tashi

Ka ja kunama, shiru. Kada ka juyo da ita. Albarushin da ya sha raɓa yakan makara kafin ya kama. Bar bakin yana kallon inda ka auna, ka jira aƙalla minti biyu. Bayan harbi ma kada ka yi saurin zuba sabon albarushi, wataƙila da sauran garwashi a ciki.

Kashi na 3: Ga abu kafin ka harba

Motsin ciyawa ba nama ba ne. Zai iya zama makiyayi, ko mai itace, ko abokin farautarka. Yatsa ya nisanci kunama sai ka ga dabbar sosai, ka ga abin da ke bayanta.

Kashi na 4: Gida da doka

Ajiye bindiga babu ɗuri, albarushi a wani wuri daban, nesa da murhu da yara. A Najeriya 'yan sanda ke ba da lasisin bindiga. An hana farauta a gandun daji irin na Yankari.

Aiki: Rubuta "na zura sanda" sau biyar a littafinka.