Kurakuran da ake yi wajen rage ƙugin titi a motar gudu

Na gaji da ganin mutum ya sayi Nissan 350Z ko Toyota 86, ƙugi ya dame shi a hanya, ya kwashi kuɗi ya sayo tabarmar gam mai bayan alminiyam, ya lulluɓe ƙofofi biyu, sannan ya dawo yana cewa an cuce shi. Malam, tabarmar ta yi aikinta, kai ne ka ɗora mata wanda ba nata ba.

Ita wannan tabarma, irin su Dynamat da STP, kashe karkarwar ƙarfe kawai take yi. Ƙwanƙwasa ƙofa da yatsa: in ka ji tana amsawa kamar gwangwani, tabarma za ta kashe wannan amon. Kuma ba sai ka rufe ko'ina ba, kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabi na tsakiyar faffaɗan ƙarfe ya isa. Abin da ke tare ƙara shi ne nauyi, wato shimfiɗar roba mai nauyi da ake kira MLV, wadda murabba'in mita ɗaya ya kai kusan kilo 5. Ita kuwa dole ta rufe wurin ruf, a kan soso siriri wanda ba ya shan ruwa. Ka bar kafa ko kaɗan, ta nan ƙarar za ta shigo.

Sannan a ina ma ƙarar take? A irin waɗannan motoci kana zaune ne ƙasa-ƙasa, tayoyin baya masu faɗi suna dab da bayanka. A 350Z babu ma abin da ya raba ka da but. Don haka ni daga rumfar tayoyin baya nake farawa, sai ƙasan but, sai ƙarƙashin kujeru. Ƙofa ce ta ƙarshe.

Kuskuren da ya fi ƙona min rai shi ne na kwalta. Wani mai gyaran kujerun mota ya ce min kada in ɓata kuɗi, akwai abin liƙe kwanon rufi mai araha, ai duk abu ɗaya ne. Da sanyi muka yi aikin, komai lafiya. Da zafin Afrilu ya kama a Kano, na bar motar a rana awa uku, na dawo na buɗe ƙofa, warin kwalta ya buge ni. Wanda ke cikin ƙofa ya narke ya zame, ya shafe hanyar gilas, gilas ya ƙi sauka. Kwana huɗu ana kankara da kananzir, kafet kuwa sai sabo na saya. Har yau in na ga wani yana tallata wannan abu ga masu mota raina ɓaci yake. Ku ji tsoron Allah! Roba nau'in butil ce ke jure zafin ƙasarmu. Ka shinshina kafin ka biya, in ka ji warin sabon titi ka ajiye.

Akwai kuma masu fara ɓalle kujeru ba su duba taya ba. Tayar da ta ci gefe guda tana ƙugi ko da me ka shimfiɗa. Boris ɗin taya da ya mutu ma haka, kuma shi za ka gane shi don kukansa na canzawa in ka karya kwana. Je wurin makaniki tukuna.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Kada ka toshe ramukan da ke ƙasan ƙofa, ta nan ruwan damina ke fita. Kada ka cusa soson katifa, ruwa yake riƙewa ya jawo tsatsa. Goge ƙarfe da sifirit kafin ka manna, ka danne da abin mirginawa har sai babu iska a ƙasa. Wayoyin jakar iska kuma ka bar su yadda ka same su.

Nauyi ma a lura. Motar da aka ƙera don sauƙin jiki, kamar Mazda MX-5 mai kusan tan ɗaya, ba a loda mata kaya barkatai. Ni ba na wuce kilo 20.

Kafin in taɓa komai, nakan hau titi ɗaya a gudun kilomita 100, gilas a rufe, in auna ƙarar da manhajar waya. Bayan kowane mataki in koma wannan titin in sake aunawa. In na gama but na ga lambar ba ta motsa ba, ba na taɓa ƙofa sai na gano inda na bar kafa.